Rami a ƙarƙashin sito: tafiyata zuwa wani ƙauye a ƙasar Auyo

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya tsananta a Kano, wani abokin karatuna ya kira ni a waya ya ce kawunsa, wanda yake fataucin hatsi a wani ƙauye na ƙasar Auyo a Jihar Jigawa, yana neman injiniyan da zai duba masa sito. Ya bayyana mini cewa dattijon yana son a fitar masa da ɗaki a ƙarƙashin siton ba tare da an rushe ginin da ke sama ba, har ma leburori sun fara haƙa, sai aka wayi gari bango ya tsage. Sana'ata ita ce lissafin ƙarfin gini, wato nauyin da tushe da ginshiƙi da dakin (rufin kankare) za su iya ɗauka, don haka tun a wayar na roƙi abubuwa uku: a dakatar da haƙa nan take, a janye buhunan da ke jingine da bangon, kuma kada kowa ya kwana a ciki ko a gindinsa.

Na yi sammako zuwa tashar Yankaba ɗauke da tef na awo, da ma'aunin daidaito, da guduma, da ƙarfen huda ƙasa na hannu wanda ake harhaɗa shi gaɓa-gaɓa. Na biya naira 6,000 kuɗin kujera a motar Haɗeja, yaron mota kuma ya caji ƙarafunan nan naira 1,000, yana cewa sun fi buhun masara takura fasinja. Mun wuce Jogana da Gezawa ba tare da wani abin faɗa ba. A shingayen jami'an tsaro da ke kan hanya direba ne kawai yake sauka ya dawo, sai a guda ɗaya, inda wani jami'i ya hangi bakin ƙarfen ya sa aka sauke shi. Ya juya shi, ya tambaye ni ko haƙar ma'adinai zan je yi. Na nuna masa katin shaidar rajistata ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, na ce masa ƙasa zan ɗebo in ga abin da gini yake zaune a kai. Ya yi dariya ya ce bai taɓa jin an tafi Haɗeja neman ƙasa ba, kifi aka sani, sannan ya sallame mu.

Wanda ya saba kallon ƙasa zai ga yadda take sauya kama a wannan hanya. A kewayen Kano ja ce mai tauri, da marmara da tsakuwa, kuma ba a nisa sosai ake tarar da dutse, irin tsohon dutsen da ya fito fili a Dutse da Birnin Kudu da Kazaure. Da muka doshi Gujungu sai jan ya fara kwaranyewa, ƙasa ta koma fara-fara mai rairayi, jigayi suna miƙe, tsakaninsu kuma kwari ne masu baƙar laka. Daga nan zuwa gabas an shiga kwarin Tafkin Chadi, inda dutsen ya nutse can ƙasa, yashi da laka suka hau kansa hawa-hawa. Magini a Kano yana iya yanka rami tsaye ya bar shi mako guda bakinsa bai motsa ba, kuma wannan sabon ne yake cutar mutanenmu idan aka kai su aiki gabas, domin suna ɗaukar kowace ƙasa tamkar ta gida.

Mun isa Haɗeja bayan tafiyar kusan awa uku. Na yi sallar azahar, na ci shinkafa da soyayyen kifi na naira 2,500, sannan ɗan acaɓan da Alhaji ya turo ya ɗaure ƙarafuna a gefen babur muka kama hanyar Auyo, daga bisani muka sauka kan burji. Duk da bazara ce, ko'ina kore ne: an riga an girbe alkama, shinkafar rani tana tsaye, injinan ban ruwa suna ta ƙara, magudanan aikin noman rani na kwarin Haɗeja cike da ruwa, ciyawar kachala kuma ta cinye bakin kowane tafki. Ruwan nan daga Kano yake zuwa, daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992, ya bi kogin Haɗeja ya nufi Yobe. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani layi mai duhu da ke jikin katangun bulo a ƙauyukan da muka ratsa, a wani wuri iya gwiwa, a wani wuri iya ƙugu. Ɗan acaɓan ya ce shaidar ambaliyar 2022 ce, kuma gidajen ƙasa da yawa ba su tsaya ba balle su ɗauki shaida. Tun kafin in ga siton, wannan layi ya riga ya ba ni rabin amsar da na zo nema.

Alhaji ya tarbe ni a zaure da ruwan randa da fura mai nono. Dattijo ne mai natsuwa, wanda ya san lissafin kuɗinsa sarai, kuma dalilansa ba na wasa ba ne. Siton yana bakin kasuwa, filayen da ke kewaye da shi na gado ne babu mai sayarwa, kayansa kuwa sun yi wa wurin yawa: riɗi, shanshera, alkama. Yana tsoron gobara, yana tsoron masu fasa bango da dare. Ya ce: "Injiniya, da na je aikin Hajji, masaukinmu a Makka yana da hawa biyu a ƙarƙashin ƙasa, har motoci suke shiga. Na ce a raina, tunda gefe ya ƙi, sama kuma ɗaukar buhu wahala ce, me zai hana in yi ƙasa?" Na ce masa: "Alhaji, tunanin ba shi da laifi. Sai dai waɗancan an haƙa ramin ne tukuna aka ɗora gini a kai, kuma Makka a kan dutse take. Naka kuwa ginin ya riga ya zauna, ana so a zare masa abin da ya zauna a kai."

Bayan la'asar muka shiga siton. Ginin bulo ne mai inci tara, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 5, da rufin kwano, babu ginshiƙin kankare ko ɗaya, linta kuma a kan ƙofa kawai take. Leburori sun fasa daɓen siminti a kusurwar gabas, sun haƙa rami mai zurfin ƙirjin mutum, sun bi jikin bango sak domin, a cewarsu, kada a yi asarar wuri. Da na haska fitila na ga fandishon a fili: kankare ce siririya da ba ta kai tsawon tafin hannu kauri ba, babu rodi a cikinta, zurfinta daga doron ƙasa bai wuce santimita 60 ba, kuma yashin da ke ƙarƙashin gefenta ya riga ya zube cikin ramin, har ina iya cusa hannuna a inda ya kamata a ce ƙasa ce danƙare. Tsagar bangon ta tashi daga kusurwar tana hawa kamar matakala, tana bin layin simintin da ke tsakanin bulo, ta fi faɗi a sama, ƙofar ƙarfen ma ta fara cijewa. Wannan duka alamar abu guda ce: kusurwar tana sauka.

Mutane da yawa suna zaton nauyin bango yana sauka ne kai tsaye zuwa abin da ke daidai ƙarƙashinsa. A gaskiya yana bazuwa ne cikin ƙasa ta kowane gefe yayin da yake nutsawa. Shi ya sa muke da ƙa'ida mai sauƙi: a ja layi daga gefen ƙasan fandisho ya gangara a karkace, taku ɗaya gaba taku ɗaya ƙasa, duk abin da ke ƙarƙashin wannan layi na ginin ne, ba a taɓa shi sai an tanadi abin da zai maye gurbinsa. A yashi maras danƙo ma gangaren ya fi haka kwanciya. Na ba Alhaji labarin hasumiyar Pisa ta ƙasar Italiya, wadda ta shahara da karkata. Tsakanin 1999 da 2001 injiniyoyi sun rage karkatarta da kimanin santimita 45, ba da tura ta ko ɗaga ta ba, sai da zare ƙasa kaɗan-kaɗan ta cikin bututu daga ƙarƙashin gefen da ya fi tudu, har hasumiyar ta koma baya da kanta. Idan ɗibar ƙasa da awo tana juya hasumiyar dutse mai nauyin dubban tan, ba abin mamaki ba ne shebur huɗu su juya kusurwar sito. Kafin magariba na sa kafinta ya tokare bangon daga waje da katako masu kauri, na shafa ɗanyen siminti a wurare uku a kan tsagar, na rubuta kwanan wata, domin idan ya fashe mu san ginin yana ci gaba da motsi.

An sauke ni a shagon baƙi da ke jikin zauren. Tuwon shinkafa aka kawo da miyar kuka da bandar kifi, wanda a Kano sai mai hali yake sa irinsa a miya, a nan kuwa yara ma sun ƙoshi da shi. Zafi ya hana kwana a ɗaki, sauro ya hana kwana a waje, sai da aka ɗaura mini gidan sauro a tsakar fili. Babu wutar lantarki tun da na iso, kuma mai gidan ya ce ba sa ƙirga ta cikin abubuwan da ake jira. Na riƙe wannan magana, don tana da alaƙa da aikin.

Da safe na sa aka haƙa ramin gwaji a bayan siton, nesa da bango, na ci gaba da huda ƙasa da ƙarfena daga cikinsa. Kusan mita ɗaya na sama yashi ne gauraye da ƙasar shuka. Daga nan sai baƙar laka mai danƙo, irin wadda take kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ƙarƙashinta kuma lallausan yashi ne fari, da farko busasshe, daga baya mai laima, har a wajen mita huɗu da rabi ƙarfen ya fito yana ɗigar ruwa. Shugaban leburorin ya yi murna, ya ce ai ɗakin mita uku kawai ake so, ruwa kuwa yana can ƙasa da haka.

Wani tsoho mai haƙar rijiya, wanda ya zo kallo ya tsuguna a gefe, shi ne ya amsa masa kafin in buɗe baki. Ya ce: "Yaro, a watan nan kake auna ruwa?" Na ce: "Baba, ina rijiyar da ta fi kusa da nan?" Ya kai ni wata da ya haƙa da hannunsa a bayan masallaci. Ruwanta yana gaba biyu da rabi a ranar, daidai da abin da ƙarfena ya nuna. Amma jikin rijiyar yana ɗauke da tarihinsa: gansakuka busasshiya da farin gishiri sun yi zobe-zobe har zuwa kusan mita ɗaya daga baki. Ya ce a ƙarshen damina mata ba sa sakin igiya, da hannu suke miƙa guga, kuma a shekarar ambaliya rijiyar da filin da ke kewaye da ita sun zama ruwa ɗaya. Ya ƙara da cewa farin yashin nan shi ne abokin gabar mai haƙa: idan ya jiƙe gudu yake yi, kana kwasa yana biyo ka, kuma ya san wanda ya rufta da shi. Ramin da aka haƙa a Afrilu ba ya faɗin komai game da Agusta da Satumba, kuma ginin ƙarƙashin ƙasa da ruwan Satumba ake lissafa shi.

Na zauna da Alhaji a ƙarƙashin darbejiya muka yi lissafin a takarda, domin mutum ne da ya fi yarda da lamba fiye da magana. Ɗaki mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita 3, yana nufin a fitar da ƙasa kubik mita 150, wajen tan 270, duk ta ƙofa ɗaya, a baro. Sannan ruwa: kowace mita ɗaya ta zurfin ruwa tana danna kowane murabba'in mita da nauyin tan ɗaya, kuma tana dannawa ta gefe da ta ƙasa duka. Idan ruwan ƙasa ya hau zuwa mita ɗaya daga sama, tan 100 ne suke tura daɓen ɗakin zuwa sama. Idan ya kai doron ƙasa kamar yadda ya yi a 2022, tan 150 ne. Duk wanda ya taɓa danna ƙwarya cikin ruwa ya ji yadda take ƙoƙarin ƙwacewa ta taso, to ɗakin da ba ya yoyo haka yake a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na lissafa nauyin akwatin kankaren da za a zuba, daɓe mai kaurin santimita 30, bango mai 25, dakin mai 15, ya kama kimanin tan 108, tunda kubik mita ɗaya ta kankare tan 2.4 ce. Ko an haɗa da nauyin tsohon ginin bai kai 150 ba. Alhaji ya ce ai buhuna za su danne shi. Na tuna masa cewa a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya fi hawa, shi ne lokacin da sito ya fi zama fanko, an sayar da na bara, sabo bai shigo ba. Ya yi shiru, sannan ya ce wannan gaskiya ne.

Birkilan da ya gina siton tun farko ya tambaye ni ko ke nan aikin ba ya yiwuwa sam. Na ce yana yiwuwa, kuma na zana masa yadda ake yi a ƙasa da tsinke. Ba a haƙa tsakiyar ɗaki sai an fara zurfafa fandishon da kansa. Ana raba bangon gida-gida, kowane gida kimanin mita ɗaya, a ba su lamba daga ɗaya zuwa biyar a maimaita. A haƙa masu lamba ɗaya kawai, a tokare bakin kowane rami da katako yayin da ake sauka, a shiga ƙarƙashin tsohuwar kankare, a ɗaura rodi a bar bakinsa zai haɗu da na maƙwabci, a zuba sabuwar kankare har ta kusa taɓa tsohuwar, a bar tazarar yatsu uku zuwa huɗu. Washegari a cusa kwaɓin siminti da yashi mai tauri, wanda ruwansa bai wuce ya dunƙule a hannu ba, a dake shi da katako da guduma har tazarar ta toshe. Wannan cusawar ita ce ran aikin, domin kankare tana ɗan janyewa idan tana bushewa, kuma idan aka bar ko siririn sarari, ginin zai sauka ya cike shi. Sai ta yi ƙarfi a koma wata lamba wadda ba ta jingine da wadda aka gama ba. Ba a yarda fiye da kashi ɗaya cikin biyar na bango ya kasance a rataye a lokaci guda. Siton Alhaji yana da gida talatin, kuma da zurfin mita uku a irin wannan yashi sai an yi shi hawa biyu, ga tokaran ƙarfe da za a gicciya daga bango zuwa bango kafin a kwashe tsakiya, don sabon bangon ba nauyin sama kawai yake ɗauka ba, ƙasar waje ma tana turo shi ciki har sai daɓe da dakin sun riƙe shi. Birkilan ya girgiza kai ya ce wannan aikin haƙuri ne, leburan da ake biya da yawan baro ba zai yi shi ba. Ya faɗi abin da ni ma nake tsoro: a irin wannan aiki mutum ɗaya mai gaggawa ya isa.

Inda aka fi yin wannan sana'a a duniya, kamar unguwannin masu kuɗi na birnin Landan, dalilin shi ne tsadar fili ta kai inda haƙa ƙasa ya fi sayen gefe araha. Duk da ƙwararrun da suke da su, rigimar maƙwabta ta yi yawa har ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta kafa doka a 2015 cewa ɗakin ƙarƙashin ƙasa kada ya wuce hawa ɗaya a yawancin gidaje, kada kuma ya ci fiye da rabin filin bayan gida. A Ingila akwai dokar 1996 da ta wajabta wa mai haƙa ya sanar da maƙwabcinsa a rubuce idan zai zurfafa fiye da fandishon maƙwabcin a cikin tazarar mita uku. A ƙauyen Alhaji fili bai kai wannan tsada ba, siminti ne mai tsada. Akwatin kankaren kaɗai kubik mita 45 ne, fiye da buhu 300 na siminti, ban da rodi, ban da tsakuwar da sai an ɗauko ta daga inda dutse yake, domin yankin ba shi da ita.

Ko an yi duk wannan, saura laima. Hanyoyin hana ruwa shiga ɗakin ƙasa uku ne: a lulluɓe shi da abin da ruwa ba ya ratsawa, ko a zuba kankaren da ita kanta ba ta yoyo, ko a bar ruwan ya tsattsafo a bayan wani rufi a tara shi a ƙaramin rami famfo yana fitarwa. Ta farko tana da wuya a ƙarƙashin tsohon gini, don ba a samun isa bayan bango. Ta biyu tana samun rauni a kowace mahaɗa, aikin gida-gida kuwa mahaɗa ne daga farko har ƙarshe. Ta uku tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, a ƙauyen da ba a jiran wuta, kuma a watan da hadari yake rufe rana ga mai dogaro da sola. Riɗi kuwa ba ya son laima ko kaɗan, yana yin hunhuna ya canza ɗanɗano, masu saye don fitarwa waje su ƙi shi. Na kuma ja hankalinsa ga ƙwayar maganin ƙwari da ake sakawa cikin buhuna, wadda take fitar da iska mai guba. A siton sama tana fita ta tagogi da ƙarƙashin kwano, a rami kuwa sai ta kwanta tana jiran wanda zai fara sauka. Tsohon mai rijiya ya ce su ma ba sa shiga tsohuwar rijiya sai sun zura fitila sun ga ba ta mutu ba. Alhaji ya kawo hujjar cewa a ƙasar Barno ana binne dawa a rami ta shekara lafiya. Haka ne, amma a busasshen wuri ake yi, a fili, babu bango a kai, kuma ba a shiga ciki kullum.

Da yamma mai unguwa ya zo tare da liman da maƙwabcin da katangarsa ta ƙasa take bayan siton, tazararsu ba ta kai taku biyu ba. Maƙwabcin bai ce komai ba tun da aka fara haƙa, saboda kunya da girman Alhaji, amma ɗakin matarsa da yara ne a jikin katangar. Mai unguwa ya ce in faɗa musu gaskiya. Na ce: "Ranka ya daɗe, idan aka sa famfo ana janye ruwa daga ramin, lallausan yashin zai riƙa biyo ruwan, kuma daga ƙarƙashin gidan bawan Allah nan zai fito. Ginin ƙasa ba ya tsagewa ya jira kamar bulo." A birnin Kano mun san irin wannan a gidajen da ke bakin kududdufi, inda ƙasa take zaizayewa a hankali har wata damina bango ya tafi. Liman ya kawo hadisin da ya hana cuta da cutarwa, bai ƙara komai a kai ba. Alhaji ya juya ga maƙwabcin ya ce: "Malam, ka yafe ni, ban san abin ya kai gidanka ba."

Shawarar da muka tsaya a kai ba ta da armashi irin na ɗakin ƙasa. Washegari aka fara mayar da ramin: ƙarƙashin fandishon da ya rataye aka cika shi da kankare gida biyu, ɗaya bayan ɗaya, aka cusa kwaɓi mai tauri kamar yadda na zana, sauran ramin kuma aka mayar da ƙasa santimita 15 a kowane zubi, ana yayyafa ruwa ana dakawa. Siminti buhu 14 ya ci, a kan naira 10,000 kowanne a Haɗeja, ban da kuɗin ɗauko shi. Tsagar bangon na ce a bar ta a buɗe tukuna, kada a shafe ta da filasta a ɓoye abin da ya kamata a sa wa ido. Don ƙarin wurin ajiya, na auna masa bene na ƙarfe da katako a cikin siton, mai tsayawa a kan ƙafafunsa ba tare da ya jingina da bulo ba, wanda zai ɗauki kaya marasa nauyi sosai. Babban siton kuwa na ba shi shawara ya gina shi a gonarsa da ke kan jigawa a arewacin gari, inda ambaliya ba ta kai ba, a ɗaga daɓensa sama da ƙasa. Idan har yana son ɗaki mai sanyi a ƙasa, can ne wurinsa, a haƙa shi a fili da bakin rami a kwance kafin a aza bulo ko ɗaya, bayan an auna ruwan wurin.

Saboda wannan awon na sa aka binne bututun roba mai huda-huda a ramin gwajin bayan sito, da wani a gonar, aka rufe bakinsu. Ɗan Alhaji, wanda ya gama sakandare, ya karɓi aikin zura igiya mai ƙulli kowace Juma'a ya rubuta zurfin ruwa a littafi. Alhaji ya biya ni kuɗin aikina ba tare da ciniki ba, ya haɗa mini da kwandon bandar kifi, wanda ya sa fasinjojin motar dawowa suka yi ta tambayar ko sayarwa zan yi. A Gujungu muka tsaya taya ta yi faci, muka shiga Kano bayan isha'i.

Na aika da zanen benen da jerin ƙarafunan da za a saya cikin makon. Yaron yana turo mini awon ta waya: a bututun bayan sito ruwa ya fara hawa tun kafin damina ta kankama, na gonar kuwa har yanzu igiya ba ta jiƙe ba. Simintin da na shafa a kan tsagar bai fashe ba, kuma mun yi da Alhaji cewa ba za a toshe ta ba, ba za a kuma zana sabon siton ba, sai an ga awon ƙarshen Satumba.